Wuƙar Kaka ko ta Kanti? Amsa ga Mai Kwana a Fadama

Assalamu alaikum Kawu. Ni matashi ne ɗan shekara 29 daga wajen Bunza. Na gama karatu a Birnin Kebbi aiki bai samu ba, sai na koma gida na kama noman shinkafa a fadama, ina kuma da amya goma sha biyu a bakin daji. Lokacin ban ruwa da na girbi nakan yi kwana biyu ko uku a bukka ban shigo gari ba. Wuƙar da nake aiki da ita mai naɗewa ce. Watan jiya ina fiƙe turke ta rufe a kan yatsana, sai da aka yi mini ɗinki. Na tara 'yan kuɗi zan sayi wadda ba ta naɗewa. Abokina ya nuna mini wata a Facebook, doguwa kusan kamu guda, bayanta da haƙora kamar zarto, ya ce za ta yi mini sara da yanka, kuma a wannan zamani ko don tsaron kai. Da Baba ya ji, sai ya ɗauko wuƙar mahaifinsa, ƙirar maƙera, mai kaifi ɗaya, wasawa ta cinye ta har ta gajarce, ƙotar tana girgiɗi, kuben ya yage. Na ce masa ai wannan ta tsufa. Bai ce komai ba ya mayar da ita, kuma tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Kawu, wace wuƙa zan saya, kuma yaya zan yi da Baba?

Ɗanka daga Bunza

Wa alaikumus salam ɗana. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin komai, in a wurin ɗinkin ba a yi maka allurar rigakafin tetanus ba, cutar nan mai sarƙe haƙora, ka koma ka nema. Ƙwayar cutar a ƙasa da kashin dabbobi take zama, kai kuwa kullum hannunka cikin laka yake. Wanda ya kammala alluran ma ana son ya sabunta duk bayan shekara 10.

Ka yi daidai da ka bar mai naɗewa. Tana da amfaninta a aljihu, a fere lemo, a yanke zare. Amma duk wuƙar da ke da gaɓa a tsakiya, gaɓar nan ita ce rauninta. Yashi da zuma da jinin kifi suna shiga ciki su hana makullin kamawa sosai, ranar da ka danna da ƙarfi sai ta dawo kan yatsa. Ka riga ka gani da jikinka, ba sai na tsawaita ba.

Doguwar nan ta abokinka kuwa, kada ka saye ta. Ina faɗa maka ne a matsayin wanda ya taɓa sayen irinta. Ina saurayi na sayi wata a kasuwa, mai sheƙi, ƙotarta rami ce da ake zuba ashana a ciki. Fitata ta uku da ita na sari reshen sabara, ƙarfen ya rabu da ƙotar ya yi tsalle ya faɗi kusa da ƙafar ƙanena da ke tsaye a gefe. Da na duba, abin da ya shiga cikin ƙotar bai kai tsawon gaɓar yatsa ɗaya ba, ɗan noti ne ya riƙe shi. Har yau in na tuna inda ƙarfen nan ya faɗi sai gabana ya faɗi.

Ka zauna ka lissafa abin da hannunka ke yi a yini guda a fadama. Ka yanke igiya, ka datse tiyon injin ban ruwa inda ya fashe, ka fiƙe turaku, ka tsaga kaba, ka ɓare ɓawon kargo ka yi ɗauri, ka gyara karfasa ko tarwaɗa, ka fere rogo, ka yanka albasa, wani lokaci ka yanka zabo, ka feffere busasshen ice ya yi siriri don wuta ta kama da sanyin asuba. Duk wannan aikin kusa da yatsu ne, kuma yawancinsa da ɗan sashen kaifin da ke dab da ƙota ake yin sa, don a nan ƙarfin hannu yake. Doguwar wuƙa tana nisanta tsini daga hannu, sai ka rasa iko da shi. Ka gwada cire kayan cikin ƙaramar karfasa da wuƙa mai kamu guda ka gani. Ga sara kuma, nauyinta bai kai na adda ba, sai ta gajiyar da kai ba ta gama aikin ba. Haƙoran bayan nan ba sa yanka ice yadda zarto ke yi, abin da suke yi kawai shi ne su hana ka ɗora babban yatsa a bayan wuƙar lokacin fiƙa, su kuma ci kube daga ciki. Kana da adda, kana da gatari, ka bar musu sara. Iyayenmu ba su taɓa fita daji da abu ɗaya ba, gatari a kafaɗa, 'yar wuƙa a ƙugu. Mutanen arewacin Turai masu kiwon barewar ƙanƙara ma haka suke yi, babba don sara, ƙarama don aikin hannu.

Maganar tsaron kai ita ta fi damuna a wasiƙarka. Na san abin da ke ran abokinka, duk wanda ke jihar nan bai manta harin da aka kai Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba 2024 ba, kuma mai kwana a bukka shi kaɗai dole ya yi tunani. Amma ɗana, wuƙa ba ta tare harsashi. Abin da doguwar wuƙa mai haƙora za ta jawo maka shi ne tambaya a shingen jami'an tsaro da kallon zargi a ƙauyen da ba a san ka ba, a lokacin da zukata suke a tsorace. Ƙaramar wuƙa cikin jaka tare da igiya da fitila da filaya, kowa ya gani ya san kayan manomi ne. Tsaronka yana wurin sanin maƙwabtan gona, waya mai caji, da komawa gida in an ce yau kada a kwana.

To wace iri ce ta dace? Buɗe tafin hannunka ka dubi faɗinsa, daga gefen ɗan ali zuwa gefen ƙaramin yatsa. Tsawon ƙarfen wuƙar ya kai haka ko ya ɗara kaɗan, wato santimita 9 zuwa 11. Kaurin bayanta milimita 2 zuwa 3 ya isa. In ya wuce 4 za ta riƙa fasa albasa da rogo maimakon ta yanka su. Kaifi ɗaya, baya miƙaƙƙe mai santsi, tsini yana daidai tsakiyar ƙota ko sama kaɗan. Mai kaifi biyu irin wadda ake ɗaurawa a damtse ba ta aikin gona ba ce, don babu inda za ka ɗora yatsa.

Abin da ya fi muhimmanci ido ba ya ganinsa, shi ne wutsiyar ƙarfen da ta shige cikin ƙota. Mafi ƙarfi ita ce wadda ƙarfen ya tafi gaba ɗaya har ƙarshen ƙota, aka ɗora ice gefe da gefe aka kafe da ƙusa biyu ko uku, kana ganin layin ƙarfen zagaye da ƙotar. Mai bi mata ita ce wadda wutsiyar siririya ce amma doguwa, ta ratsa icen ta fito ta baya aka dandaƙe bakinta, ko aƙalla ta wuce rabin ƙota da kyau. Wannan ma tana ɗaukar duk aikin da na lissafa. Wadda za ka guje wa ita ce mai guntuwar wutsiya, irin tawa ta dā. In mai sayarwa bai iya gaya maka inda ƙarfen ya tsaya ba, ka ajiye masa abarsa.

Ƙota kuma ka riƙe ta da hannu kafin ka biya, shi ya sa ba na son sayen wuƙa daga hoto. Ta cika tafi, ta ɗan fito bayan ƙaramin yatsa. Kada ta zama zagayayya kamar sanda, ta kasance mai ɗan faɗi kamar ƙwai, don ko cikin duhu hannunka ya san ɓangaren da kaifi yake. Ka tuna hannunka zai kasance da gumi, da yauƙin tarwaɗa, da zuma. Ƙotar ƙarfe ko ƙaho da aka goge ya yi sheƙi tana zamewa. Icen da ba a shafa masa fenti ba, ko roba mai ɗan kaushi, sun fi riƙo. A sami ɗan tudu ko lanƙwasa a gaba wanda zai tare ɗan ali kada ya zame kan kaifi.

Sai ƙarfe. Iri biyu za ka tarar. Akwai baƙin ƙarfe mai sinadarin kabon, wanda maƙeranmu ke aiki da shi. Yana saurin wasuwa ko a kan dutse, yana kaifi ƙwarai, amma yana tsatsa in ya kwana da danshi. Akwai kuma wanda aka haɗa da sinadarin kuromiyam, daga kashi 10.5 cikin 100 zuwa sama, wanda ba ya tsatsa da wuri. Mai kyau a cikinsa yana da kyau sosai, amma yawancin masu arahar da suka cika kasuwa laushi gare su, ka wasa da safe kafin azahar sun dakushe. Araha ba ta ado. Baƙin ƙarfe in ya taɓa albasa ko tumatir ko lemon tsami yakan yi dishi-dishi ya koma ruwan toka, wannan ba lalacewa ba ce, yana ma ɗan kare shi. Jan tsatsa mai ɓarɓashi ita ce abin gudu. Maganinta ka goge wuƙar ta bushe bayan kowane aiki, ka shafa mata ɗan man kaɗe. Kada ka sa baƙin mai na inji a wuƙar da za ta taɓa abinci.

A nan bari in ɗan ratse saboda amyoyinka. Zuma tana da tsami a cikinta ko da harshe bai ji ba, kuma in ta daɗe tana haɗuwa da baƙin ƙarfe takan yi duhu. Tunda sayarwa kake yi, ka nemi wuƙar girki marar tsatsa mai ɗan tsawo, ka keɓe ta don yankan saƙa kawai, kada ta taɓa kifi ko albasa. Mai sayen zuma da hanci yake fara ciniki.

In ranka ya tsaya kan ta waje, wadda zan iya ambata maka da natsuwa ita ce Morakniv, ƙirar garin Mora a ƙasar Suwidin, inda masana'antar wuƙar ta samo asali tun 1891. Samfurinsu mai suna Companion tsawon ƙarfensa kusan santimita 10 ne, ba shi da nauyi, ƙotarsa roba ce mai riƙo, kubensa na roba mai tauri da 'yar kafar da ruwa ke fita. Ana yin sa da baƙin ƙarfe, ana kuma yin sa da marar tsatsa, kai mai fadama marar tsatsar ta fi maka. Wutsiyarsa ba ta kai ƙarshen ƙota ba, amma ta shige da nisa. Suna da wani mai suna Garberg da ya fito a 2016, wanda ƙarfensa ya tafi har ƙarshe, sai dai ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma aikinka bai buƙace shi ba. Abin da ya sa masu shiga daji ke son irin waɗannan shi ne yadda aka fitar da kaifinsu: gangare ɗaya ne mai faɗi wanda ya sauko har baki. In za ka wasa, sai ka kwantar da gangaren a kan dutse, shi zai nuna maka kwanar da kansa, ba sai ka yi kirdado ba. Amma ka kula, duk abin da ya yi suna ana yin jabunsa. In farashin ya yi sauƙin da ya ba ka mamaki, ka tsaya.

Yanzu mu zo kan wuƙar kakanka, don ina ganin amsar tambayoyinka biyu a wuri ɗaya take.

Ka sake karanta yadda ka siffanta mini ita. Kaifi ɗaya. Ta gajarce. Ƙirar maƙera. Ɗana, ai kusan abin da na gama zayyana maka ke nan. Laifinta biyu da ka faɗa, ƙota da kube, babu wanda ya shafi ƙarfen, kuma aikin yini ɗaya ne wurin maƙeri da baduku. Wuƙar da aka wasa har ta gajarce wuƙa ce da aka yi shekaru ana komawa kanta. Marar kyau ba ta kai wannan shekarun, tun da wuri ake jefar da ita. Kai da ke kiwon zuma ka fi ni sanin cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Ban ce ka karɓe ta ido rufe ba, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka goge tsatsar da samfefa mai laushi, ka duba ƙarfen a rana, musamman inda ya shiga ƙota. In akwai tsagewa ko da siririya ce kamar gashi, aikinta ya ƙare, sai ajiya. In babu, ka ɗauki magagari ka goga a hankali kusa da kaifin. In ya zame yana ƙara bai kama ba, ƙarfen yana da tauri. In ya nutse yana ci kamar a jikin ƙusa, laushi gare shi. Daga nan ka wasa ta, ka sami busasshen reshen marke ko ƙirya ka fiƙa sau ashirin ko talatin, sannan ka yanka tumatir. In ta shige ba tare da ta matse shi ba, ka sami wuƙa. In bakin ya lanƙwashe, taurin bai isa ba. In ya ɓalle ƙanana-ƙanana, taurin ya yi yawa. Duka biyun maƙerin da ya san aikinsa yana iya gyarawa, don sirrin yana cikin wuta. Ana ƙona ƙarfe ya yi ja a tsoma shi a mai ko ruwa, sai ya yi tauri amma ya zama mai saurin karyewa kamar kwalba. Sai a sake ɗumama shi a hankali, wajen digiri 200 zuwa 230 a ma'aunin Salshiyas, har fuskarsa ta yi launin busasshen kara. In aka bari ya kai shuɗi, wajen digiri 300, ya yi laushin da bai dace da bakin wuƙa ba. Tsofaffin maƙera da ido suke gane wannan a bakin wutar gawayin ƙirya, ba su da ma'auni, kuma suna dacewa.

Wannan ne ma dalilin da ya sa nake roƙonka kada ka miƙa wuƙarka, tsohuwa ko sabuwa, ga mai wasawa da injin lantarki. Tartsatsin nan da kake gani zafi ne, in bakin ya yi shuɗi an ƙone taurin, ba za ta ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wurin. Dutse mai laushi da ruwa sun isa, ko samfefa da aka shimfiɗa a kan katako mai santsi, sannan ka ja bakin baya-baya a jikin tsohon bel na fata. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi a bari ta dakushe. Dakusasshiyar wuƙa ita ke sa mutum ya danna da ƙarfi har ta kuɓuce, kuma tunda za ka riƙa yanka da ita, ka tuna hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ke cikin Sahihu Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa.

In ta faɗi gwajin gaba ɗaya, ka sa maƙerin ya ƙera maka sabuwa a kan siffarta. Ka tambaye shi da wane ƙarfe zai yi. Sifirin mota ko tsohon magagari suna da kabon ɗin da zai ɗauki tauri. Rodin gini ba abin dogaro ba ne, ko ya yi kyau a ido.

Wurin baduku ka tsaya a kansa ya yi abu ɗaya da yawancinsu ke tsallakewa: ya sa siririn yankin fata mai kauri tsakanin ɓangarorin kuben biyu, ta gefen da kaifi ke kwanciya, ya ɗinke su uku tare. In babu wannan, kaifin zai riƙa cin zaren har wata rana ya leƙo ta gefe a jikin cinyarka. Kuben ya yi zurfi ya haɗiye fiye da rabin ƙota. Ka sa wuƙar ka kifa shi ka girgiza, kada ta faɗo. Fata tana shan ruwa, don haka in kuben ya jiƙe a fadama ka zare wuƙar ka bar shi ya bushe a inuwa, kada su kwana tare. In za ka hau babur ka sa ta a jaka, kada ka soke ta a gaban ƙugu, faɗuwa ɗaya a yashi ta isa. In kana fiƙa a zaune, ka ɗora gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, aikin ya kasance can gaba, ba tsakanin cinyoyi ba, don babbar jijiyar jini a cikin cinya take, kuma daga bukkarka zuwa asibiti tafiya ce. A gida kuma ta zauna inda hannun yara ba ya kai.

Shi kuwa Baba, ba wuƙar ce ta ɓata masa rai ba. Mutum ya ga ɗansa da ɗinki a yatsa, ya shiga ɗaki ya ɗauko abin da mahaifinsa ya bar masa, abin da watakila ya yi shekaru bai nuna wa kowa ba, ya miƙa, aka ce masa ta tsufa. Na tabbata ba raini ka nufa ba, amma abin da kunnensa ya ji ke nan, kuma dattijo in aka ce kayansa sun tsufa yakan ji har da shi ake nufi. Kada ka aika kowa, kada kuma ka je da dogon bayani kan santimita da kabon. Bayan sallar isha'i ka same shi shi kaɗai, ka durƙusa ka ce, "Baba, na yi kuskure a maganar da na yi, ka yafe mini. Ina son wuƙar Kaka in har yanzu za ka ba ni." Ka yi shiru ka bar shi ya yi magana. In ya ɗauko ta, ka karɓa da hannu biyu, ka tambaye shi wa ya ƙera ta, a wane gari, me Kaka ya yi da ita. Za ka ji abin da ba ka taɓa ji ba game da gidanku.

Sannan ka roƙe shi ya raka ka wurin maƙeri ranar kasuwa, shi ya zaɓi wanda za a ba aikin, shi ya zaɓi icen ƙotar. Gwajin magagarin ma a yi shi a gabansa, da hannun maƙerin, don in ƙarfen ya gaza daga bakin mai sana'a zai ji, ba daga naka ba. In daga baya ka ga damina tana cin baƙin ƙarfen ka ƙara da marar tsatsa ta kanti, babu laifi, ka nuna masa ita da kanka ka ce ta ruwa ce. Kuɗin da ka tara za su ishi ƙota da kube da dutsen wasawa, har da wuƙar zuma. Ka yi wannan tun kafin ban ruwa ya kankama, ka kuma yi mako guda kana aiki da ita a gida, hannunka ya saba da sabuwar ƙotar kafin ka kai ta bukka.

Kawunka